Ƙarfen da Ke Ƙarƙashin Kujerar Inna

Shekarar da Inna ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu, ni kaɗai ne mai mota a cikin 'ya'yanta, don haka zirga-zirgar asibiti ta faɗo kaina. Ina koyarwa a Birnin Kudu, ita kuma tana ƙauyenmu a bayan Basirka, ta kuma rantse ba za ta bar ɗakinta da awakinta ta dawo birni ba. Da aka yi mata aiki aka sallame ta, likita ya ce a riƙa kawo ta gashin ƙashi duk mako. In aka yi wasa, ƙafar za ta sandare, tafiya ta gagare ta ke nan.

Motata tsohuwa ce mai dogon baya, a hannun wani direban haya na saye ta. Injinta lafiya lau, sai dai in ta shiga kwana takan kwanta gefe guda kamar jakin da aka yi wa lodi a karkace. Ni da ke riƙe da sitiyari abin bai taɓa damuna ba.

Inna ba ta taɓa buɗe baki ta ce motar na wahalar da ita ba. Ba irinta ba ce za ta kushe abin ɗanta. Sai dai uzuri ya fara yawa. Wannan makon akwai suna a maƙwabta, na gaba akuya na gab da haihuwa. Ni kuma ga saurin fushi, na taso tun daga Birnin Kudu a ce mini akuya. Ƙanwata da ke jinyarta ce ta ja ni gefe ta faɗa mini gaskiya: duk ranar da muka dawo, Inna kwana take ba ta runtsa ba, domin kowace kwana muka sha, nauyinta kan ƙugun da ya karye yake komawa.

Na kai motar wurin ɗan kawuna, abokin wasana, mai gareji a Gwaram. Ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana dariya.

"Malam, wa ya sayar maka da rabin mota? Ai babu sitabilaiza a bayanta."

Sandar ƙarfe ce lanƙwasasshiya da ke haɗa ƙafafun baya biyu, ita ke hana mota kwantawa a kwana. Direbobin haya da yawa in robobinta suka cinye ta fara ƙara, sai su kwance ta su jefar, su huta da sayen roba. Abin da mai motar na da ya yi ke nan.

Muka je wurin masu tsofaffin kayan mota, muka tarar da iri-iri. Ɗan kawuna yana zura musu bakin sifana yana gwada kaurinsu. Akwai siririya kamar ƙaramin yatsa, akwai matsakaiciya, akwai wata ƙatuwa da aka ciro daga motar da ta fi tawa girma. Ba mu yi gardama ba, mu biyun ƙatuwar muka nuna. Tunda kwantawa ce matsalar, a ganinmu wadda ta fi ƙarfi ita ce magani. Sai da ya yi walda kafin ta zauna.

A kan kwalta kam abin sai wanda ya gani. Motar ta riƙa shan kwana a miƙe, har na fara jin kaina. Na je na ɗauko Inna ina ta yi mata bayanin gyaran da aka yi, ta ce Allah ya yi albarka. Muka je muka dawo, na sauke ta a gida. A hanyata ta komawa, mota babu kowa, na shiga wata kwana mai yashi kafin a hau titi, sai bayan motar ya zame ya nemi ya wuce gabanta. Da ƙyar na tare ta a bakin gonar wani. Na lallaɓa na mayar da ita kan hanya.

Da mako ya zagayo, Inna ba ta nemi uzuri ba. Ta ce, "Ɗan nan, ka bar ni haka. Na gode, amma na gama shiga motar nan." Ban taɓa jin ta yi magana kai tsaye irin wannan ba, kuma na tsorata ƙwarai.

Na koma Gwaram na sauke wa ɗan kawuna kwandon masifa, shi ma ya rama, ya ce ai da yatsana na nuna. Da muka gaji, na ce ya ja motar zuwa hanyar ƙauyenmu, ni zan zauna a baya in saurara ko wani abu ne ya kwance. Tunda na sayi motar, ranar na fara zama a kujerar baya, daidai inda Inna ke zama.

Babu abin da ya kwance. Amma muna sauka daga kwalta na gane komai. Duk sa'ad da ƙafa ɗaya ta faɗa rami, ƙarfen nan mai kauri sai ya fizgo ɗaya ɓangaren, bayan motar gaba ɗaya ya watsa ni hagu ya dawo da ni dama. Kaina ya bugi gilashi. A gaba ba a jin rabin wannan. Ni mai lafiyayyen ƙugu na fito ina dafe da shi, ina tunanin tsohuwar da ta sha wannan zuwa da dawowa ta kuma sa mini albarka.

Muka karɓo sauran biyun muka gwada, kowace ina baya yana tuƙi, yana ta kirana Alhaji yana tambayar inda za a sauke ni. Siririyar ta yi laushi a gargada, amma a kwana motar ta koma halinta. Matsakaiciyar ba ta hana kwantawa gaba ɗaya ba, sai dai a hankali motar ke karkata ta dawo, ramuka ma ba ta fizga, bayan kuma ya daina zamewa a yashi. Babu wadda ta gyara komai da komai. Muka sa mata sababbin robobi muka bar matsakaiciyar.

Shawo kan Inna ya fi duk wannan wuya. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce ta gwada sau ɗaya tak, in ta ji ciwo ba zan sake roƙonta ba. Na san kasadar da na yi, domin in ta ce a'a a wannan karon, ƙafar ta tafi. Sai ta ce wa ƙanwata ta miƙo mata mayafi.

Na tuƙa a hankali, idona rabi a hanya rabi a madubi. Muka fita daga gargadar, muka wuce Basirka, muka wuce Gwaram. Can na ji shiru ya yi yawa, na sake dubawa. Kanta na jingine a kafaɗar ƙanwata, bakinta a ɗan buɗe, barci take.

Sai a ƙofar asibiti ta farka. Ta dubi waje, ta dube mu, ta gyara mayafinta.

"Har mun iso? Allah ya saka wa wanda ya gyara hanyar nan da alheri."

Na ce amin. Ƙanwata ta kawar da kai tana goge ido. Muna kama Inna za ta sauka, ta ce mako mai zuwa in zo da wuri, ba ta son layi.