Baƙon da Ya Shigo Shafin Ta'aziyya da Takalminsa

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Boɗinga babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta, na haɗa wa ƙungiyar 'yan garinmu wani ɗan shafi a intanet. Aikinsa sanar da suna da ɗaurin aure da rasuwa, saboda mutanenmu da neman abinci ya kai Legas da Fatakwal. Ƙarƙashin kowace sanarwa akwai akwatin da mutum zai rubuta gaisuwarsa. Ni kuwa har tafiyata ta canza, in na bi ta kasuwa sai in riƙa jin kamar ana nuna ni.

Abokina da muka yi karatu tare, wanda yake aikin kwamfuta a Sakkwato, ya duba shafin ya ce akwatin nan a buɗe yake, duk abin da aka zuba masa haɗiyewa yake yi. Ya ce in sa masa matsara, abin da zai riƙa tace abin da ake zuba masa. Na kai maganar ga baffana, shugaban ƙungiyar. Ina cewa za a riƙa tantance masu rubutu, ya ɗaure fuska.

"Kai ɗana, ina kat taɓa ganin an tare mai ta'aziyya bakin ƙohwa ana tambaya tai wa ya aiko shi? Bar shi buɗe."

Na bar shi a buɗe, har da jin daɗin an rage mini aiki.

Ana nan sai mijin gwaggona ya rasu a Shagari. Babban ɗansu yana can kudu, hanya ta yi masa nisa, sai ya rubuta wa mahaifiyarsa doguwar ta'aziyya a shafin. Baffa ya yi alkawarin ranar addu'a zai buɗe shafin a wayarsa a zaure, a gaban liman da dattawa, ya karanta gaisuwar mutanen nesa, sannan a shiga da wayar cikin gida a karanta wa gwaggo.

Ranar addu'ar da safe ina cikin bas zuwa Shagari, buhun albasar wani ya danne mini ƙafa, sai ga kiran abokina.

"Kana ina? Kak ka bari kowa shi buɗe shahwin nan!"

Ya ce wani ɗan iska, wanda har yau ba mu san ko waye ba, ya shiga akwatin ta'aziyya ya rubuta umarnin kwamfuta a maimakon gaisuwa. Shafina kuma bai san bambancin magana da umarni ba, yadda aka ba shi haka yake miƙa wa wayar duk wanda ya buɗe, ita kuma wayar ta bi umarnin. Ba ka gama karanta sunan mamaci ba za ta jefa ka wani shafi na hotunan batsa.

 Na hango baffa da rawaninsa, liman a gefensa yana leƙa wayar. Na kira baffa, wayarsa tana aljihu, ba ya ɗauka in yana zaman makoki. Na ciro kwamfutata daga jaka na ɗora a gwiwa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, abokina yana faɗa mini ta inda zan bi in goge saƙon ba tare da na buɗe shafin ba. Tsohuwar da ke kusa da ni ta dubi zufar da nake yi ta ce, "Yaro, lahiya? Ko motar ta ba ka so?" Na ci gaba da danne-dannena.

Muna shiga Shagari saƙon ya gogu. Abokina ya ce wannan share ɗaki ne kawai, ƙofa tana nan a buɗe, ɗan iskan yana iya dawowa kafin azahar. Sai na zauna a kan benci a tasha muka gyara akwatin: ya karɓi haruffa, na boko da na Larabci, da lambobi da alamomin rubutu na yau da kullum, ya ƙi duk abin da ya yi kama da umarni. Abin da ya karɓa kuma ya nuna shi a matsayin rubutu kawai. Na gwada da irin saƙon ɗan iskan, akwatin ya ƙi shi.

Na isa zaure baffa yana laluben aljihu. Ya buɗe shafin. Sai na ji ya fara, "Daga Legas, ana yi muna gaisuwa..." Nan na zauna a kan takalman mutane a bakin ƙofa.

Da yamma na gaya masa komai, har da gyaran da na yi ba da izininsa ba. Ya ce, "To yanzu koran mutane kaka yi?"

Na ce, "A'a Baffa, kowa na shiga. Takalmi kawai aka cirewa bakin ƙohwa."

Ya dubi tarin takalman da ke bakin zauren. Can ya ce, "Wanga kam ladabi na. Mi ya hana ka hwaɗa min haka tun hwarko?"

Tun daga ranar ban sake haɗa akwatin da zai karɓi rubutu ban fara tsara abin da zai karɓa da abin da zai ƙi ba. Na kuma daina kai wa dattijo magana da yaren kwamfuta. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne cikin gida. Ni aka ba wayar na karanta wa gwaggo saƙon ɗanta. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi, ta ce in maimaita mata. Na maimaita. Har ta koma ga Allah ba ta san wani abu ya taɓa shiga tsakaninta da saƙon nan ba, kuma duk lokacin da na tuna haka sai in ce alhamdu lillahi.