Takalmin Mai Almakashi

Shumeka ba ya gaida mutum sai ya fara duban ƙafarsa. Ko ka miƙa masa hannu, idonsa na ƙasa. Sai ya gama da dunduniya, ya gama da yatsu, sannan ya ɗago kai ya tambaye ka mutanen gida. Baƙi sukan ɗauka kunya ce ta yi masa yawa. Waɗanda suka san shi kuwa tun daga nesa suke gyara tsayuwa.

Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana ɗinki da gyaran takalma a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, a lungun da bai fi mutum ɗaya da gudumarsa ba. Bisa kansa akwai doguwar waya, kwalaye jere a jikinta kamar shanya. Duk wanda ya taɓa ɗinka wa takalmi, ya taɓa tsayar da shi a kan kwali, ya zagaye ƙafarsa da fensir, ya huda kwalin ya rataye. Da yawa daga masu ƙafafun sun riga mu gidan gaskiya, amma bai taɓa cire ko ɗaya ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta ce wata rana wayar za ta tsinke, matattu su tattake shi. Ya ce ai ya san nauyin kowannensu.

Kwali na ƙarshe a gefen hagu na 'yarsa ne, Auta, kuma ƙafar yarinya ce 'yar shekara goma sha uku. Daga shi babu wani nata. Takalman Shumeka suna da ƙarko, mutum ya gaji da su ba su gaji da shi ba, sai dai suna da hali guda: satin farko kuka suke yi. Ƙiiƙ, ƙiiƙ, duk taku. Yakan ce fata ce ke sabawa da mai ita. 'Yan ajin su Auta ba su san wannan bayanin ba. Ranar da ta dawo daga makaranta tana taka ƙasa, takalman a hannu, ta ajiye su a gabansa ta wuce. Tun daga ranar na kanti take sakawa, masu gam, waɗanda ba sa shekara. Shi kuwa abu ɗaya ya rage masa da yake so a duniya: ya ƙara zagaye ƙafar nan da fensir sau ɗaya, ya ga ta taka aikinsa, kafin hannunsa ya daina jin magana. Don hannun ya soma rawa, musamman na dama.

Auta ta girma ta zama mai zane. Ta fara da 'yan littattafan labari cikin hotuna, daga baya ta koyi sa hotunan motsi a kwamfuta, ta kama ɗaki a hawa na uku na wannan benen. Saboda haka kullum da safe takalmin kanti kan wuce ta bisa kan ubanta, yana zaune yana jin yadda gam ɗin ke saki.

Gajerun finafinai take yi, na minti bakwai-bakwai, masu duhu. Duhun ya kai ranar da aka fara nuna wa Inna a waya, sai da ta kama bakin zaninta ta goge gilashin. Jarumin wani tela ne da ya mutu ƙasa ta ƙi riƙe shi, ya dawo da almakashinsa. Yana bin azzalumai cikin gari yana yanke musu inuwa daga dunduniya, ya naɗe ta ya sa a hammata. Wanda aka yanke wa inuwa sai ya bushe a tsaye. Ba don tausayin kowa yake yi ba. Yadi yake nema, riga yake ɗinka wa kansa, kuma in azzalumai sun yi ƙaranci a mako, duk wanda ya samu shi ne. Inna ta tambaya mutumin kirki ne ko mugu. Auta ta ce duka biyun. Inna ta ce to kawunki ne ke nan, ba sai an wahala an zana shi ba.

Shumeka bai yi dariya ba, shi ƙasan hoton yake kallo. Rigar Mai Almakashi, haka ake kiran jarumin, tana saukowa har gwiwa, daga nan sai hayaƙi. Ya sa aka mayar da fim ɗin baya sau uku.

"Auta, ina ƙafarsa?"

"Ba shi da ita, Baba. Fatalwa ne."

"Gari guda fa yake zagayawa."

Ta yi masa bayani a hankali cewa taku ɗaya hoto goma sha biyu ne, hayaƙi kuwa kwamfuta ke yi mata ba wahala. Ya ce ya gane. Kwana uku yana buga ƙusa inda ba ta dace ba. Ya gaya wa Inna cewa shi yankan inuwar bai dame shi ba, kowa da sana'arsa, amma a saki mutum cikin gari mai fasassun kwalabe ba ko silifa, wannan rashin imani ne.

Wanda ya hau da shi benen shi ne Kunne, abokin aikin Auta mai haɗa sauti. Kunne na neman ƙarar takun azzalumai in suna gudu, duk wanda ya samo a kwamfuta bai yi masa ba. Wata rana ya tsaya a bakin lungun sai ya ji tsohon yana cewa, ba tare da ya leƙa ba, mai hawan nan mace ce, tana ɗauke da kaya a dama, kuma takalmin ba nata ba ne. Kunne ya leƙa, ya ga haka ne. Washegari aka jera wa Shumeka farantin tsakuwa da na yashi da guntun katako a gaban makirfo. Ya zura hannuwansa cikin takalma don ya taka wa mutanen fim ɗin da su, ya zuba wa hoton ido.

Aikin ya karɓe shi. Amma ba ya taka wa mutum sai ya san shi. Azzalumin nan mai tumbi, a zaune yake aiki ko a tsaye? Yana da kaushi? Wa ke goge masa takalmi? Kunne yakan ƙirƙiro amsa don a zauna lafiya. Tsohon ya auna ta a ransa, wani lokaci ya ce ƙarya ne, mai irin wannan wuyan ba ya sayen takalmi daidai ƙafarsa, ya sauka ƙasa ya canzo wani. Auta tana can gefe ta ba su baya, ta tuɓe nata takalman ƙarƙashin tebur kamar yadda ta saba, tana zane.

Matsalar ita ce in Mai Almakashi ya shigo. Wurin shiru ake so, shirun da zai sa mai kallo ya riƙe numfashi. Hannuwan Shumeka kuwa ba sa iya zama. Da jarumin ya ratso titi sai a ji ana taka masa. Kunne ya ce Baba, nan ba a takawa. Ya ce ya sani, hannun ne. Ranar da za a ƙare fim na tara, ya hau da wasu sababbin takalma da ya ɗinka wa wani direba, ya roƙi a bar shi ya taka wa wannan bawan Allah sau ɗaya ko ransa ya huta, in ya so a goge. Kunne ya bar shi. Gogewar ce ya manta. Auta kuma hoto kawai ta duba, ta kashe sautin saboda ciwon kai, aka saki fim ɗin haka nan.

Ga titi baƙi ƙirin, ga azzalumi ya maƙale a jikin bango, ga Mai Almakashi tafe bisa hayaƙinsa, sai ƙiiƙ, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

Kunne ya yi kwana biyu bai leƙo aiki ba. Da ya dawo ya tarar an kalli fim ɗin fiye da takwas ɗin baya a haɗe, kuma babu wanda ya yi dariya. Wasu suka ce inuwoyin da ya yanke ne ke biye da shi. Wani ya rubuta dogon bayani cewa mutuwa ce da kanta, ta gaji da jira ta yi sabon takalmi. Wata mata ta rubuto cewa mijinta ya sayo sababbi, ta hana shi shiga gida da su.

Auta ta saurari wurin sau ɗaya. Ta san kukan, ba ta buƙatar na biyu. Ta sauko ta tsaya a bakin lungun. Ya duba ƙafarta, sannan ya ɗago.

"Baba, ka san abin da ka ja mini? Yanzu dole in zana masa ƙafa. Kowa jira yake ya ga mai takun."

"Ai hoto goma sha biyu ne."

"Taku ɗaya, Baba."

Ta ce ita ba ta iya zana takalmi da ka ba, sai ya ɗinka mata na gaske ta ajiye a tebur tana kallo. Ya ce da yardar Allah, a kawo ƙafar ya auna. Ta ce ai ƙafar ce babu, sai ta ga takalmin za ta san ƙafar. Ya ce shekara arba'in bai taɓa yanka fata ba kwali ba, ba kuma zai fara a kan mamaci ba. Nan maganar ta tsaya wata guda. Kunne ya miƙa tasa ƙafar, tsohon ya duba ya ce wannan ba ta tela ba ce, ta mai gudun aiki ce. Aka buga masa hoton jarumin a takarda, ya ɗora tef a kan hayaƙin, ya ce ba a auna abin da ba ya tsayawa. Inna ta ce uban da 'yar kai ɗaya gare su, ita aka bari da ciwonsa.

Cikin watan nan Shumeka ya koma kallon finafinan tun daga na farko, a wayar Inna, yana kusanto da ita har hanci. Ya daina duban hayaƙin, ya koma kafaɗa. In Mai Almakashi zai juya, kafaɗar hagu ke fara sauka, kamar mai ɗora nauyinsa kan dunduniya ɗaya. Ya tambayi Kunne ina Auta ke samo motsin. Kunne ya ce akwai madubi a bayan ƙofa, in ba kowa takan tashi ta yi tafiyar tana kallon kanta, sannan ta zauna ta zana. Tsohon ya miƙe. Ya koma lungunsa ya sauko da kwalin ƙarshe na gefen hagu. A jikinsa, da rubutunsa na shekarun baya, an sa: a ƙara fata a dunduniyar hagu.

Da safe, kafin Auta ta iso, ya hau da sabon kwali da ɗan garin alli a ƙunshe. Ya shimfiɗa kwalin ƙarƙashin teburinta, ya barbaɗa allin inda takan tuɓe takalmi. Kunne na kallo. Tsohon ya ce kyankyasai yake wa magani. Wunin ranar ba a taka wa azzalumi ko ɗaya daidai ba.

Da yamma ya duƙa ya jawo kwalin. Sawu biyu ne a jere, a tsakiya, kowane yatsa ya fito raɗau, irin na wanda ya miƙe tsaye ya daidaita ƙafafu ya ɗan jima. Mutum ba ya taka kwali haka bisa kuskure, amma ba a tambayi kowa ba. Auta na zane. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, Mai Almakashi ba ya son takalmi mai tsini. Ya ce ya sani.

Na hagu ya fara. Aikin da a da yake gamawa a kwana biyu ya ci masa sati uku, don basilla takan kuɓuce, sai ya jira hannun ya lafa. Baƙar fata ce mai laushi, da ƙari a dunduniya. Da ya gama ya hau da shi da kansa ya ajiye a teburin, ya ce ga na mutumin nata, ɗayan na tafe. Ta juya shi, ta leƙa cikinsa, ta ce kamar ya yi wa fatalwa kaɗan. Ya ce a dai gwada.

Yana saukowa, a hawa na biyu, ya tsaya ya dafa bango. A sama ana tafiya, taku ɗaya shiru, ɗaya ƙiiƙ. Daga tebur zuwa madubi, daga madubi zuwa tebur. Bai motsa ba sai da aka yi zuwa huɗu. Inna ta ce ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Bayan kwana tara hannun dama ya daina jin magana gaba ɗaya. Ba a rufa wata ba Allah ya yi masa rasuwa.

Fim na goma ya fita daga baya. A minti na shida iska ta ɗaga rigar Mai Almakashi, aka ga ƙafa ɗaya cikin baƙin takalmi, ɗayar hayaƙi. Masu kallo har yanzu suna gardama kan ma'anarsa. Kunne dai ya ce sautin wurin ba da hannu aka taka shi ba.

Lungun yana nan, Inna ta hana a ba kowa. Kwalayen na rataye, da ƙarin guda a gefen hagu. Takalmin daman kuwa yana kan ƙafar katakon da Shumeka ke ɗinki a kanta, an ɗinke shi daga dunduniya zuwa rabin gefe, basillar a soke, zaren na lilo.