Ƙwai Bai San Baɗi Ba

Shekara goma sha tara ya yi yana ƙyanƙyasar ƙwai da inji a ɗakin bayan gidansa, har unguwa ta raɗa masa Baban Tsaki. Matarsa kan yi masa tsiya, wai kaji sun fi 'ya'yansa sanin muryarsa.

Sai aka gina wani ƙaton gida marar taga a bakin gari, cike da kwamfutoci masu zuƙar wuta ba hutu. Kamfanin lantarki ya ja musu sababbin layuka, ya raba kuɗin aikin a kan kowa. Kuɗin wutar Baban Tsaki ya ninka.

Ya fara dabara: da rana ta take sai ya kashe injin, ya lulluɓe shi da bargo, ko ɗumin zai riƙe. Bai riƙe ba. Ƙwai ɗari uku ya fasa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan tsako a ciki, har gashi ya fito masa, amma ba rai.

Ranar da hukuma ta kira taron jin koke, ya saka rigarsa mai kyau ya je. Aka ba shi minti uku. Shugaban zaman ya saurare shi, ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Za a ware wa masu kwamfutocin nasu farashin, amma sai baɗi."

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ƙwai kwana ashirin da ɗaya ya sani."

Yanzu takalman jikokinsa ake ajiyewa a cikin injin.