Ƙusar da Ta Ɓulla Ɗakin Mama

Shekarar da aka kai ni Minna ban san kowa a garin ba sai mijina, shi kuma da safe yake tafiya aiki tashar jirgin ƙasa, sai magariba. Ɗaki ɗaya muka kama a wani gidan haya a Fadikpe. Ni da ake cewa na haɗiyi rediyo a gidanmu, sai ga ni ina yini ban ce uffan ba. Kaɗaici ya ishe ni, har na fara tunanin in ce a mayar da ni gida.

Ɗakin da ke jikin namu na wata dattijuwa ce 'yar Gbagyi mai sayar da doya, kowa Mama yake ce mata. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ni nauyinta nake ji, ita kuma ashe ta ɗauka girman kai gare ni.

Wata Asabar maigida ya shigo da bidiyo na hannu da wata baƙar sifika mai nauyin turmi. Ya ce a bango ake rataye ta, haka ya gani a gidan ogansu, don sauti ya cika ɗaki. Ɗakin da ko atishawa ka yi ya cika! Na ce ya kira kafinta, ya ce wane kafinta, ya zaro wata doguwar ƙusa da guntuwar waya daga aljihu. Guduma ma babu, da dutse ya hau kujera.

Ashe bulon siriri ne. Yana cikin bugu ƙusar ta nutse, sai muka ji kwano ya faɗi a ɗakin Mama, ƙwaram!

"Je ki gani," in ji jarumin nawa, "ku mata kun fi fahimtar juna."

Na yi sallama na shiga. Na tarar da Mama tsaye tana kallon tsinin ƙusa da ya ɓullo saman gadonta, ga ƙurar siminti a kan zanen gado.

"Amarya, zo ka ga aikin mijinka."

Na durƙusa ina ba ta haƙuri, na ce yanzun nan za a cire.

"Kar ya cire," ta ce. Ta karɓo dutsen wurin maigida, ta lanƙwasa tsinin sama ya zama ƙugiya. "Yanzu ba zai fita ba. Wannan abu ba zai faɗo kan yaro ba." Ta dubi cikina, wanda ko mahaifiyata ban gaya wa ba tukuna. Kunya ta kama ni, ita kuwa ta fashe da dariya, ta ɗauko fitilar ƙwai ta rataya a ƙugiyar.

Tun daga ranar, in muka kunna sifika sai fitilarta ta kama rawa. Ba a jimawa za ka ji ta a ƙofa: "Amarya, fitila yana rawa, wane fim ne?" Ta shigo da gasasshiyar doya da manja, mu zauna ina fassara mata fim ɗin Indiyan da ni ma ba jin yarensu nake ba. Bakina ya dawo. Ita ta yi min wankan jego, ita ta goyi yarana, ranar Kirsimeti kuwa shinkafarta muke ci. Na ji daɗin zaman gidan nan ƙwarai.

Bayan shekaru aka yi wa maigida canjin wurin aiki. Ya sauke sifikarsa, ya ja ƙusar da filaya, don shi ko tsintsiya ba ya bari a gidan haya, amma ta ƙi fita. Ya sake aika ni in ce Mama ta miƙar da tsinin.

Na same ta zaune ƙarƙashin fitilar, idonta ya yi ja. Na faɗi saƙon.

"Ku tafi da sifika," ta ce, ba ta dube ni ba. "Rabin ƙusa nawa ne."

Na koma na ce masa ya ajiye filayar.