Kawu Kyari da Igiyoyin Sama

Duk wanda ya zauna Gure ya san Kawu Kyari ba ya amsa gaisuwa sai ya duba sama tukuna. Ka ce, "Ina kwana, Kawu," ya ɗaga haɓa, ya waiga gabas, ya waiga kudu, sannan ya ce, "Lafiya lau, da alama." Shekarun da ya yi yana awon iska a meteyo, ofishin hasashen yanayi, ne suka bar masa wannan wuya.

Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne gajimaren nan mai jeruwa kamar kunyoyin gona. Ya rantse iska ma tana da igiya irin ta ruwa. Wai in hadari ya taso can kudu sai ya tunkuɗa ta sama, nauyinta ya maido ta, ta sake tashi, haka za ta yi ta rawa tana hawa har inda tsuntsu bai taɓa zuwa ba.

Wani makiyayi daga yankin Alakos ya taɓa tare shi a kasuwa. "Malam, layukan nan ruwa ne?"

"Ruwa ne, amma na wasu. Mu labarinsa ne ya iso mana."

"To, shanuna ba sa shan labari."

Tun ranar 'yan kasuwa ke cewa meteyo ta taɓa Kawu. Yana dariya, amma na san abin na cinsa.

Wadda ta fi shan wahalar ilimin nan ita ce matarsa, Inna Falmata. Da baƙo ya shigo, Kawu zai kwashe wankin da ta jiƙa, ya cika daronta da ruwa, ya jefa tsakuwa. "Ka ga yadda igiyar take tafiya har baki? Haka sama take." Sai ka ji Inna daga madafa: "Sama ce za ta wanke maka rigar Juma'a?"

Ni ma na sha nawa. Ina sauraren ƙwallo da la'asar, murya ta dushe, na ɗaga hannu zan mari rediyo. Ya cafke ni. "Kar ka doki marar laifi, ɗana. Muryar nan sai ta je ƙololuwa ta dawo. In wurin na rawa, ita ma ta yi rawa."

"To wa zan doka?"

"Hau ka nemo shi."

Cikin shekarun casa'in, ina jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Difa, na ɗauko wani malamin jami'a da motarsa ta mutu a Gidigir, shi da akwatunan awonsa. Na ba shi labarin Kawu don mu yi dariya. Bai yi ba, ya ce in kai shi.

Ya zauna bisa tabarma yana buɗa kaye, littafin da Kawu ke rubuta gajimare a ciki, shafi bayan shafi. Can ya ce, "Baba, gaskiyarka. Igiyoyin nan muke bi da na'ura."

Na zaci Kawu zai ja shi kasuwa. Sai ya ce, "Ni ai na sani. Tashi ka gaya wa mai daro."

Bawan Allah ya tsaya ƙofar madafa ya maimaita tun daga farko. Inna ta saurara tsaf, ta ce, "Madalla. Tunda an tabbatar, a ba ni darona."

Bara, bayan rasuwar Kawu, na je gaishe ta. Daron na nan tsakar gida cike da ruwa, ta samo wani na wanki. Ta ce ruwan na tantabaru ne. Amma na hangi 'yan tsakuwa a ƙasan ruwan.

Allah ya jiƙan Kawu Kyari, ya haskaka kabarinsa, ya kai shi inda za a amsa masa duk abin da ya tambayi sama.