Kujerar da Aka Gyara wa Gajeren Mutum

Ni tun ina ƙarama ba a ba ni labari in haɗiye shi ɗanye. In ɗaliba ta ce mini ruwan sama ne ya jiƙa littafinta, sai na tambaye ta ranar da aka yi ruwan. Shekarun da na yi ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Mabera, cikin Sakkwato, ba su rage mini wannan hali ba, wasa shi ma suka yi. Shi ya sa da maganar motar Baba ta taso, yayyena maza biyu ba su yi doguwar shawara ba, ni suka tura.

Baba dillalin shanu ne, a kara, kasuwar dabbobi, ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya bar kasuwa, muka ɗauka zai zauna a zaurensa na Runjin Sambo yana jan carbi kamar sauran tsararrakinsa. Sai ga shi ya sayo wata tsohuwar bas ta fasinja, ya sa aka kwance kujerun baya kaf. Aka shimfiɗa katifa, aka kafa 'yar kanta ta tukwane da tukunyar gas, aka ɗora sola a kan rufi, kowace taga aka sa mata labule. Mutanen unguwa suka raɗa mata suna ɗakin Alhaji. Da kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sai ya tayar da ɗakinsa ya shiga bin ƙananan garuruwa inda ake kalankuwa, wasannin da manoma ke yi in amfani ya zo gida. Ba ya faɗin inda ya nufa. Sai bayan kwana biyar ko shida ya dawo da gyaɗa da labarin 'yan kokawa.

Kakar farko mun zuba masa ido. A ta biyu, fitarsa ta farko ya dawo gefen motar a goge, madubi ɗaya a karye, ya ce jaki ne. Jakin da ke barin koren fenti a jikin mota ban taɓa ganinsa ba.

Babban yayanmu ya tara mu a gidansa. Ya ce hanyoyin ƙauye ba kamar da ba ne, kowa ya san abin da ake zato in an ga mota mai labule cike da jarkoki ta nufi daji: ana cewa masu kai wa 'yan bindiga mai da abinci ne. Ya ce ko dai wani mugu ya sami tsohon nan yana amfani da shi, ko kuma tsufa ya fara taɓa kai. Aka yanke cewa in bi shi tafiya ɗaya in gani. In na dawo da labari maras daɗi, za a karɓe makullin motar. Na san abin da wannan ke nufi. Tun da mahaifiyarmu ta rasu, ba na jin dariyar Baba sai ranar da zai tayar da motar nan. Amma na yarda, don ni ma raina bai kwanta ba.

Na fara da bincike, ranar da ya tafi masallaci sallar la'asar. Jarkoki huɗu na samu, biyu na warin fetur. Ƙofar baya an sa mata sabuwar sakata daga ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai kujerar direba ce. An ɗora ta a kan sabon ƙarfe mai zamewa, da wani ɗan hannu da ake ja ta matso gaba, ga kuma ƙaramin matashi an cusa a ƙarƙashinta. Baba kuwa dogo ne, in ya zauna hularsa na gugar rufi. Me dogo zai yi da kujera mai matsowa gaba? Na ce lalle akwai lauje cikin naɗi.

Washegari na hau keke zuwa unguwar Gidan Igwai wurin mai waldar da ke yi masa aiki. Ko gama tambaya ban yi ba ya amsa, kamar wanda ke jirana.

"Alhaji yac ce in yi ta daidai gajeren mutum, Malama. Ban tambai ko wa na ba."

Ya faɗa yana murmushi, murmushin bai yi mini ba. Na dawo gida da gajeren mutum a kaina. Na ƙera masa fuska, na sa masa rawani, har na ga inda yake tsayawa a bakin daji yana jiran Baba ya matsa masa.

Hutun tsakiyar zango ya zo, na je na sami Baba a zaure. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Inna yake ce mini.

"Baba, mun samu hutu. Ina son in bi ka wagga tahiya."

Na shirya wa gardama, har na tanadi amsoshi. Sai kawai ya ce, "To, Inna. Allah shi kai mu."

Saurin yardar ma na sa ta cikin abin zargi.

Ba mu tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Baba da yake fita kara tun da asuba, yanzu wai sai rana ta ɗaga. A cikin gari tafiyar hawainiya ya riƙa yi, masu keke da masu babur suna zagaye mu suna danna oda, shi ko a jikinsa. Da muka fita Sakkwato sai ya sami wata babbar mota mai ɗauke da albasa ya manne a bayanta, ya ƙi wuce ta ko da hanya ta buɗe fayau. Na ce a raina, ɓuya yake yi a bayanta don kada masu shinge su lura da mu. Kowane allo muka tunkara sai ya ce, "Ke ta malama, karanta muna." Da muka iso shingen 'yan sa-kai na ɗauka za su tsare mu da bincike, amma suna leƙowa suka ce, "A'a, Alhaji na! An dawo?" suka ɗage itace. Wato har sun saba da shi. Wannan ma na ajiye.

Garin farko ƙarami ne, dammunan gero jingine a bayan kowane gida. Muka ajiye mota a gindin wata tsamiya kusa da gidan wani tsohon abokin cinikinsa. Ya ce ni zan riƙa kwana a ciki in sa sakata, shi tabarma ta ishe shi a zauren abokinsa. Da yamma aka buɗe filin kokawa. Kiɗa ya tashi, samari sun sha guraye suna zagaya fili, mata na sayar da rake da dafaffiyar gyaɗa. Ni ban ga kokawar kirki ba, duk gajeren da ya gitta sai na bi shi da ido. Baba kuwa ya zauna dab da makaɗa, in an yi kaye sai jama'a sun yi ihu sannan shi ma ya ɗaga hannu.

Da safe ya ce mu hau tudun da ke bayan gari, wai kullum ya zo sai ya hau. Wata siririyar turba ce ta masu kiwo, ta bi ta cikin jan dutse da sabara. Na ce to, yau za a yi ta, can sama ake haɗuwa. Ya sa ni a gaba yana bin sawuna. Muka kai ƙoli ina haki, na duba gabas na duba yamma, ba kowa sai awaki. Daga can ana hango fadama shar da shinkafa, da rumbuna jere kamar an kife ƙore. Baba ya daɗe yana juya kansa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Fetur ɗin jarkokin kuwa a gabana ya juye shi a tankin motarsa, sauran biyun ruwan sha ne. Maimakon in ji sanyi, haushi na ji. Ba na son in yi zargi ya tashi a banza.

A gari na biyu ne abin ya fito. Su al'adarsu ranar rufe kalankuwa ana jerin gwano. Maharba suka wuce, 'yan tauri suka biyo suna gurza wuƙaƙe a ciki, sannan manoma suka shigo da shanun huɗa, an wanke su an rataya musu tuntaye. A ƙarshe akan zaɓi bijimin da ya fi, kuma da aka ji tsohon dillali daga birni yana wurin, sai aka ce shi zai zaɓa.

A nan sai na faɗi wani abu game da Baba. A kara an san shi da cewa ba ya taɓa dabba. Daga nesa yake tsayawa, hannuwa a baya, ya dubi sa sau ɗaya ya faɗi shekarunsa da naman da zai yi. Yakan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma dillalin da ke lalube ɗan koyo ne. Mun sha jin yana yi wa masu shafa tozo dariya a kan tuwo.

Ranar nan sai na ga Baba ya taka har gaban bijimin farko ya ɗora masa hannu. Ya shafa tozo, ya bi gadon baya, ya matsa cinya, ya laluba leɓe. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Jama'a na ta yaba ƙwarewa. Ni kuwa sai duk abin da na tara a hanya ya watse ya sake haɗuwa ta wata fuska: hantsi, motar albasa, alluna, hannun da ba ya ɗagawa sai an yi ihu, koren fenti. Ya zaɓi wani bokolo, aka yi guɗa. Da ya dawo kusa da ni na kasa haƙuri, sai da na gwada shi, don hali zanen dutse.

"Baba, jan nan da kaz zaɓa ya yi kyau."

"Ƙwarai kuwa," in ji shi.

Bijimin fari ne fat.

Muka koma mota. A nan na sauke masa duk abin da ke cikina, ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce ya ɗauko ni ya hau titi da ni alhali ba ya gani, in ya kashe ɗan wani fa? Ina faɗa ina kuka, tsoro da kunya sun haɗu mini, don kwana huɗu ina bin ubana da ido kamar ɓarawo. Ya bar ni na gama.

"Ina gani, Inna, amma awa mai leƙe ta kahwar ƙyaure. Gehe da gehe ya tahi. Likita ya ce sauran ma tahiya za shi yi, magani jinkiri kawai shika sawa."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

"In hwaɗa ma yayyenki? Ranar za su amshe makulli su aje ni zaure, a riƙa kawo man kunu. Ni ko akwai garuruwan da nika son in ƙara gani tun da sauran haske." Ya nuna kujerar direba. "Hau ki ja hannun ga."

Na hau na ja. Kujerar ta zamo gaba ta tsaya. Ya laluba ƙarƙashi ya zaro matashin ya sa mini a baya. Ƙafata ta sauka a kan birki daidai, kamar an auna. Duk gidanmu ni ce gajera, har tsokanata ake yi da shi, amma ko sau ɗaya ban kawo kaina ba.

"Da ka roƙe ni ai da na zo," na ce.

"Da kin ce makaranta, kin ce yara, kin ce a bari sai baɗi. Na san ɗiyata. In an kira ki ba ki zuwa, amma in kin shinshino ana ɓoye maki abu, ko bangon duniya kina bi." Ya yi 'yar dariya. "Ni nic ce ma mai walda, in kin zo shi hwaɗa maki hakanan."

Wato tarko aka ɗana mini da halina, na kuwa faɗa da ƙafa biyu. Na so in ci gaba da fushi, abin ya ƙi.

Ni na tuƙo mu zuwa Sakkwato. Motar ta fi 'yar ƙaramar da nake zuwa makaranta da ita nauyi nesa ba kusa ba, sau biyu ta mutu mini a tsakiyar masu keke, Baba na gefe yana ba ni umarni kamar shi ke ganin hanyar. Muna tsayawa a ƙofar gida muka tarar da babban yaya yana jira. Ya ga wadda ta fito daga mazaunin direba, ya dubi Baba da ke laluben marfin ƙofa, bai bukaci dogon bayani ba. Na faɗa masa gaskiya duk da haka, a gaban Baba, don ba zan rufe ciwon da ke bukatar asibiti ba. Yaya ya miƙo mini hannu.

"Kawo makullin."

Na ga Baba ya sunkuyar da kai. Na buɗe jakata na jefa makullin ciki na ja zif.

"Baba ya bar tuƙi, Yaya, wannan na yarda. Amma mota ba ta bar tahiya ba. Jumma'a in an tashi makaranta za mu hita, saura gari ukku."

Mun je ukun. Kaka biyu muka ƙara yi muna fita, ta ƙarshen ni ke faɗa masa wanda ya yi kaye da launin kowane bijimi, kuma ban sake yi masa ƙarya a kan launi ba. Yanzu hasken ya tafi gaba ɗaya. Duk da haka in gero ya shiga rumbu, sai in zo daga Mabera in tarar ya riga ya sa an wanke motar, yana zaune a gefen mai zaman banza da hularsa, yana jira. Kujerar direba tana nan inda na ja ta ranar nan, ba wanda ya sake mayar da ita baya.