Tagar gabas a shagon Baba tela

Mahaifina ya gina shaguna huɗu a unguwar Dutse Uku da ke Jos, kuma daga Kano ya ɗauko maginin. Mutumin ya yi mana gini irin na garinsu, inda zafi ake gudu: ƙofofi na kallon arewa, taga ƙarama can sama, ko'ina siminti. A Kano wannan dabara ce. A Jos kuwa, sanyi da duhu muka tara wa 'yan haya.

Bayan rasuwar mahaifina, kula da shagunan ya dawo hannuna. A na ƙarshe akwai wani tsohon tela, amininsa, wanda muke ce wa Baba. Da rana tsaka ƙwan lantarki yake kunnawa. In an ɗauke wuta, ya tayar da ƙaramin janareto a bakin ƙofa. Ga kaskon gawayi kusa da keken ɗinki, domin yatsunsa ba sa lanƙwasuwa sai hantsi. Hayaƙi biyu yake shaƙa, yana tari.

Wata safiya na tarar da shi zaune, keke a rufe.

"Ɗana, nemi wani ɗan haya. Zare ya daina shigar mini allura."

"Baba, idon ne ko duhun?"

"Kai likita ne?"

"A'a. Amma ku yi mini haƙuri zuwa bayan salla."

Ni ba na aiki a hargitse. Da farko na wuni a shagon, ina lura da inda rana take bi. Na biyu, na sa aka fasa bangon gabas, aka saka taga mai gilashi daidai teburinsa. Na uku, aka cire kwano ɗaya, aka sa na roba mai shigo da haske. Sannan aka yi silin don ɗumi ya zauna, aka bar wa hasken kafa. Farin fenti ya zo a ƙarshe. Baba na kan benci a waje duk tsawon aikin, yana cewa na rushe ginin ubana.

Maƙwabciyarsa, wata Inyamura mai sayar da kayan masarufi, ta leƙo ta riƙe ƙugu.

"Oga, ni fa? Ni ba mutum ba ne?"

"Madam, bi da bi ne. Bayan Baba sai ke."

Ranar da ya koma ciki akwai wuta, amma bai taɓa makunni ba. Ya zauna, rana na dukan bayan hannunsa. Ya lashi zare, ya kuskure, ya sake, ya shiga. Na juya ina duba fenti, don kada mu haɗa ido.

"Ka cika mini shago da haske," in ji shi. "Yanzu kowa zai ga inda ɗinkina ya karkace."

Sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Miƙe tsaye in auna ka. Wannan rigar taka abin kunya ce."